Hancin Lambros da Barcin Matula

A unguwarmu ta Nikaya, bayan tashar jiragen ruwa, in kana neman mutumin da ya san komai ba sai ka wahala ba. Nufi gidan gahawar da ke kusurwa, za ka tarar da Lambros mai sayar da labule yana bayani. Ya san maganin hawan jini, ya san abin da ya kamata gwamnati ta yi tun bara, amma duk cikin iliminsa babu wanda yake taƙama da shi kamar na zaɓen ɗakin haya a tsibiri.

Asalin ilimin nan kuwa tafiya ɗaya ce tak. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, yana gama aikin soja, ya sauka wani tsibiri da jaka a kafaɗa, cikin watan Mayu da babu baƙi, tsofaffin matan nan masu tarar jirgi da kwalaye suka yi caa a kansa, kowacce tana cewa ɗakinta ya fi. Farkon da muka ji labarin mata uku ne. Bana sun kai goma sha biyu, har ɗaya ta yaga masa hannun riga.

"Wanda ya kama ɗaki ta waya Bajamushe ne," in ji shi. "Mu sauka muke yi mu kalli matar ido cikin ido. Wannan kaɗai ya ishe ni." Sai ya ɗan bubbuga hancinsa da yatsa.

Matarsa Fotini tana aiki a gidan burodi, kuma shekara uku rabon ƙafarta da taɓa ruwan teku. 'Yarsu Matula tana da shekara biyu da 'yan watanni, ta koyi gudu amma ba ta koyi tsayawa ba. Yarinya ce mai daɗin sha'ani muddin ta yi barcin rana. Ranar da ta rasa shi kuwa takan koma wata halitta da ko uwarta ba ta gane ta. Don haka da za su tafi hutu Fotini ba ta nemi wani abu mai yawa ba, ɗaki kawai a ƙasa, kusa da ruwa marar zurfi, inda za a rufe taga yarinya ta kwanta. Lambros ya ce ta bar masa komai, an gama. Ita kuwa baiwar Allah ta ɗauka "an gama" na nufin an gama.

Sai da jirgi ya yi awa huɗu a kan ruwa ta tambaye shi sunan gidan da za su sauka. Ya bubbuga hanci.

Fotini ta tuna masa gobe sha biyar ga Agusta, bikin Maryamu, ranar da duk ɗan tsibiri yake komawa gida ko daga bangon duniya yake, har a bahon wanka ana kwana. Ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce ai shi gorarsa a fafe aka haife shi da ita.

"To ka saurara, Lambros," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Jirgin nan zai sake biyowa ta tsibirin ƙarfe shida zai koma. In har lokacin yarinyar nan ba ta kan gado, ni da ita muna ciki. Wajen mamata zan ƙarasa hutuna, kai kuma ka zauna da hancinka."

Lambros ya yi dariya, amma bai so jin sunan surukarsa ba. Matar nan tun ranar ɗaurin aure take cewa bakinsa ya fi hannunsa aiki, kuma ya san in Fotini ta koma da akwati ba a buɗe ba, zancen ba zai mutu ba har jikokinsa.

Ƙarfe goma da rabi jirgi ya sauke ƙofa, jama'a suka kwararo, ana rungume-rungume ana koke-koke. Lambros ya fito da akwati biyu, da laima, da keken tura yarinya, da wata ƙatuwar agwagwar roba da ya hura tun a gida don kada ya wahala a can. Ya tsaya ya gyara wuyan riga yana jiran mata goma sha biyu. Mutum biyu ne ke riƙe da kwali a tashar gaba ɗaya, wata gajeriyar tsohuwa cikin baƙaƙen kaya da wani mai alfadari.

Tsohuwar, Marigo sunanta, ta nufo su kai tsaye, don ta ga yarinya. Ta ɗan tofa wa Matula sau uku saboda kambun baka, sannan ta ce ɗaki ɗaya ya rage mata, shi ma don masu shi sun fasa zuwa da safen nan. A ƙasa yake, ƙofarsa na kallon yashi, ruwan wurin bai wuce gwiwa ba, ga ƙaramin gadon jikarta a ciki. Fotini ta mintsini mijinta har sai da ya ɗaga ƙafa.

Amma doka ta farko a ilimin Lambros ita ce ba a ɗaukar na farko. Ya shaƙi iska, ya yatsina fuska, ya tambaya ko ana ganin faɗuwar rana daga tagar.

"Ɗana, rana kullum tana faɗuwa a tsibirin nan, ba ta taɓa fashi ba," in ji Marigo. "Za ka ɗauka ko in ba wasu?"

"Za mu duba tukuna, Iya."

Ya kwashi kaya ya juya, yana raɗa wa Fotini cewa kada ta kuskura ta waiwaya, kafin taku goma tsohuwar za ta biyo su tana roƙo. Ya ƙirga goma, shiru. A sha biyar ya rage sauri. A ashirin ya sunkuya wai zai ɗaure takalmi, ya leƙa ta tsakanin ƙafafunsa, ya hango Marigo a juye tana ɗora akwatunan wasu mutanen Salonika a kan babur ɗinta mai ƙafa uku.

A bakin tashar akwai gidan gahawa, tsofaffi sun jeru a inuwa ba su da aikin da ya wuce kallon masu sauka. Babbansu, Baba Yakumis, ya cire taba daga baki ya ce, "Ta kira ka ne mu ba mu ji ba? Ka yi haƙuri da mu, kunnen tsufa."

Lambros ya miƙe ya ce dama ɗakin warin danshi yake, tun daga nan ya jiyo. Hancinsa tun farko mai alfadari ya nuna masa.

Mai alfadari ya ce ɗakinsa ana ganin teku gaba ɗaya daga ciki, sai dai akwai ɗan hawa kaɗan. Alfadarin kuma ba zai ɗauki kaya ba, an riga an kama shi jigilar abin sha na biki. Lambros ya ce hawa motsa jini ne. Don ma ya nuna wa tsofaffin hankalinsa kwance yake, ya tsaya ya sayi kankana ƙatuwa, ya kwantar da ita cikin keken yarinya, ya rufa mata mayafin Matula kada rana ta dafa ta.

Ɗan hawa kaɗan ɗin matakala ɗari biyu da tamanin ne, an shafe su da farar ƙasa, rana na dukansu suna ramawa a idon mutum. Fotini ta saɓa yarinya ta yi gaba. Lambros yana biye, akwati a kowane hannu, laima a hammata, agwagwa a wuya, yana tura keke da ciki. A matakala ta ɗari ya daina magana, abin da ba mu taɓa gani ba a Nikaya.

Da suka isa, sai ga ɗakin ba ɗaki ba ne. Rufin gida ne aka shimfiɗa katifa, aka kafa rumfar kara a kai. Teku dai ana ganinsa gaba ɗaya, mutumin bai yi ƙarya ba, don babu bango ko na taƙi ɗaya da zai tare shi. Lambros ya ajiye kaya yana haki, ya buɗe hannu yana cewa su dubi abin da Bajamushe ba zai taɓa samu ta waya ba. Fotini ta sauke yarinya don ta huta kafaɗa. Wata kyanwa ta gifta, Matula ta ce "miyau" ta bi ta a guje.

A bakin rufin Fotini ta cafko bayan rigarta, ƙafa ɗaya ta riga ta taka iska. Lambros ya rugo wajensu. Ya tsorata ƙwarai, tsoro na gaske, don yana son 'yar nan fiye da ransa. Amma da numfashinsa ya dawo, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne ai ana iya kewaye wurin da igiya. Fotini ta rungume 'yarta ta kama hanyar sauka.

Sauka ta fi hawa wuya. Wajen tsakiya, inda matakalar ta miƙe sak zuwa tasha, akwati ya bugi gwiwar Lambros, ya kai hannu zai tare, keke ya kuɓuce. Ya tafi yana tsalle matakala bayan matakala, abu a lulluɓe cikin mayafin yarinya yana girgiza a ciki. Matan da ke shanya a ƙofofinsu suka sa ihu, wata ta jefar da kwando ta bi shi, wani mai aski ya fito da reza a hannu. Keken bai tsaya ba sai da ya daki teburin tsofaffi, abin ciki ya faɗo ya fashe, ja ya malale a ƙasa. Wata tsohuwa ta zube tana kiran sunan Maryamu.

Baba Yakumis ya tashi a hankali, ya ɗaga mayafin da bakin sandarsa, ya duba. Ya sunkuya ya ɗauki yanki ya kai baki.

"Ba ta nuna ba ma," ya ce da Lambros, wanda ya iso yana gumi. "Ita ma da hanci ka zaɓe ta?"

Matar da ta bi keken da gudu ba ta ga abin dariya ba. Ta wanke Lambros tas, ta haɗa da wanda ya ba shi aure. Shi kuwa ya ce keken ne ba shi da birki mai kyau, zai mayar wa masu shagon.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta wuce. Matula ta fara murza ido tana jan kunnenta, alamar da Fotini ta sani sarai. Ta nuna masa agogo. Nan Lambros ya fito da makaminsa na ƙarshe, ya ce dama gwada kasuwa yake yi, yana da mutum a tsibirin nan, amininsa na soja, Nikitas. Ya juya ya tambayi tsofaffi ina gidan Nikitas. Mutum huɗu suka ce ga su. Da ƙyar aka gano wanda ya yi soja a kan iyakar arewa, aka nuna masa wani ƙato yana gyaran taru a bakin ruwa.

Lambros ya tafi da hannu a buɗe yana kiransa ɗan'uwa. Nikitas ya ɗago ya ƙare masa kallo, can ya ce, "Na gane ka. Kai ne ka ce ka san gajeriyar hanya, muka kwana biyu a daji." Duk da haka mutumin kirki ne. Ya ce da yana da wuri da ya ba su don yarinyar, amma dangi goma sha tara sun zo masa daga Ostareliya, shi kansa a kwalekwalensa yake kwana. Abin da ya rage sai rumfar da yake ajiye kayan kamun kifi.

Lambros ya ce rumfar masunta ita ce ainihin tsibiri, masu kuɗi nema suke ba su samu. Ya shiga gaba don ya nuna wa Fotini. Ciki duhu, ƙarnin kifi kamar ya kayar da mutum, ƙugiyoyi ɗaruruwa na rataye a igiya daidai tsayin yarinya mai shekara biyu. Fotini ko ƙofa ba ta ƙetare ba. Shi kuma da ya juyo zai fita, ƙugiya uku suka kama bayan wandonsa. Ya fizga, wando ya ce ɓarat tun daga ƙugu har cinya. Akwatin da sauran wandunansa suke ciki kuwa makullinsa ya lanƙwashe tun a matakala, ya ƙi buɗuwa. Haka ya dawo cikin gari riƙe da agwagwar roba a bayansa, tsofaffi suna yi masa barka da samun masauki.

Ƙarfe uku gari ya mutu. Kowa ya san wannan lokaci na barcin rana, daga uku zuwa biyar da rabi ko kare ya yi haushi sai an kai ƙarar mai shi. Tagogi suka rufe, tituna suka zama wayam. A cikin wannan shirun ne Matula ta ja dogon numfashi ta saki kuka. Ta sandare, ta yi jifa da takalmi, ta ƙi uwa ta ƙi uba, ta ƙi ruwa, muryarta tana dukan bangon gidaje tana dawowa. Fotini ta zauna a bakin wata rijiya tana jijjiga ta, ita ma hawaye ya cika mata ido, don gajiya da takaicin hutun da ta shekara uku tana jira.

Lambros ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ya yi abin da ko mahaukaci ba ya yi a ƙasar nan, ya shiga ƙwanƙwasa ƙofofin mutane ƙarfe uku da rabi na rana. Gida na farko aka zage shi ta bayan taga. Na biyu aka tambaye shi ko gobara ce, da ya ce ɗaki yake nema, aka ce to gara ya je ya kunna gobarar. A na biyar wata mata ta juye masa ruwan wanke-wanke daga bene. Bai daddara ba, ya ci gaba, hannu ɗaya na bugun ƙofa ɗaya na riƙe da agwagwa, har ya buga ta ɗan sandan tsibirin, wanda ya fito da singileti da hular aiki.

Kafin ƙarfe huɗu rabin gari ya hallara a dandalin coci, kowa ido jajir, ana jayayya ko a kulle shi ko a jefa shi ruwa. Lambros yana tsakiya yana bayanin cewa a tsibiran da suka waye ba haka ake karɓar baƙo ba. Ba wanda ya saurare shi, don kukan Matula ya fi muryarsa.

Sai ga matar Fada limamin cocin, Kaliyopi, ta fito daga madafar coci inda ake shirin abincin biki, hannunta duk gari. Mace ce mai jiki, ta haifi bakwai ta yi renon ashirin. Ta ratsa taron ko kallon Lambros ba ta yi ba, ta karɓi yarinyar daga hannun Fotini kamar tata, ta kifa ta a ƙirji. Matan da ɗazu suke zagi ta taga suka kewaye su, wannan ta kawo madara, wannan ta jiƙo tsumma, ana ta faɗin wayyo 'yar tsuntsuwa, wane marar imani ne ya hana ki barci. Kaliyopi ta ce akwai ɗan ɗaki a jikin coci da ake ajiyewa don wadda ta zo biki da jinjiri, gado ɗaya ne siriri, zai ɗauki uwa da 'ya.

Da jin an ce ɗaki, Lambros ya matso ya gyara murya. Ya ce madalla, amma a bari ya shiga ya duba tukuna, don shi ba ya karɓar wuri sai hancinsa ya amince.

Ɗan sanda ya juya wajen Fotini ya ce, "Uwargida, wannan mijinki ne?"

Fotini ta dubi mutumin da ke tsaye jiƙe da ruwan wanke-wanke, da agwagwa a bayansa. "A Nikaya dai, e," ta ce. Ta bi matar Fada suka shige, aka jawo ƙofa.

Ba a yi minti biyar ba kukan ya tsaya. Kaliyopi ta fito a kan yatsun ƙafa, ta sa yatsa a baki, mutum sun fi sittin suka yi shiru kamar ana addu'a. Cikin raɗa ɗan sanda ya tambaya yaya za a yi da wannan, tunda kwanan bakin teku haramun ne a dokar gari, ofishinsa kuma surukansa na ciki. Kaliyopi ta auna Lambros da ido daga sama har ƙasa. Ta sa aka ɗaura masa wani tsohon zanen tebur a ƙugu, aka zaunar da shi a kan kujera 'yar tsugunno tsakanin tsofaffin mata, aka danƙa masa wuƙa, aka jawo buhu uku na albasar biki aka jingine a gabansa.

Ƙarfe shida jirgi ya shigo tasha ya yi ƙugi mai tsawo. Duk dandalin aka riƙe numfashi ana kallon ƙofar ɗan ɗakin. Lambros ma ya tsaya da wuƙa a hannu, yana jiran ya ga matarsa ta fito da yarinya a kafaɗa. Ƙofar ta buɗe kaɗan, Fotini ta fito ita kaɗai ba takalmi, ta zauna a dakali. Wata ta miƙo mata kwanon naman akuya, ta karɓa ta ci da hannu biyu a sake, tana kallon jirgin har ya ɗaga ƙofarsa ya juya.

Daɗi ya kama Lambros har ya rasa inda zai sa kansa. Hawayen albasa na zuba, ya share da gefen hannu, ya dubi tsofaffin matan, ya dubi Baba Yakumis da ya jawo kujera don kallo, ya ɗaga yatsa zuwa hancinsa.

"Kun gani ko? Ai dama tun a jirgi na..."

Dandalin gaba ɗaya ya ce masa shhh, har da Fada.

Kaliyopi ta sunkuyo daidai kunnensa ta turo masa buhu na biyu da ƙafa. "Yi sauri, ɗana," ta raɗa masa. "Sai ka juye buhunan nan za ka sami abin shimfiɗa yau da dare."